Albasar Goronyo a Zauren Kawu

A Wurno akwai wani saurayi, har yau yana nan, ana ce masa Zayyanu. Wata bakwai ya yi a Sakkwato yana sharar shagon masu buga takardu. Ya dawo da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da jaka mai rataya, da wata kwamfuta mai tsagaggen murfi. Tun daga ranar ya daina durƙusawa in zai gaida manya. Sai ya ɗan rankwafa kamar wanda ya yar da allura, ya wuce. Duk wanda ya tambaye shi sana'arsa, sai ya ce injiniya ne.

Kawunsa, Alhaji Abdulƙadiri, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Alhaji manomin albasa ne. Yana da fadama can wajen Goronyo, da rudu shida, wato rumfunan kara da ake ɗagawa bisa itace a jibge albasa ta sha iska har damina. Albasa kuwa ba a ajiye ta a manta. Kullum sai an duba, an juya, an tsince wadda ta fara ruɓewa. Tsoho Mode ke wannan aikin shi da matarsa Kyauta, amma idon Mode ya yi rauni, sai albasa ta yi wari yake sanin ta lalace.

Ran wata Asabar da hantsi Alhaji ya kira Zayyanu zaure.

Ya ce, “Ka ɗaure kayanka. Jibi za ka Goronyo, ka zauna wurin rudu har ruwa shi sauka. Kai aka ido, Mode aka hannu.”

Zayyanu ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi. Bazara ce, ga rana, ga ƙudaje, ga warin albasa, kuma babu inda mutum zai zauna a kalle shi da tabarau.

Ya ce, “Kawu, Allah shi daɗe da ranka, wanga aiki na mutanen da na. Yanzu ba a tahiya. Ina iya kawo maka Goronyo nan cikin zaure.”

“Bisa jaki ko bisa mota?”

“Cikin kwamfuta. In kai kyamara da rauta, akwatin da ka raba intanet, in kafa gaban rudu. Akwai wata ɓoyayyar hanya da aka gina cikin kwamfuta tun daga masana'anta, VPN aka ce mata. In na buɗe ta nan, sai ta bi iska ta shiga rauta can. Kana kishingiɗe kana kallon albasarka ɗaya-ɗaya, ka buga ma Mode waya ka ce, cire waccan.”

Alhaji ba mutum ne mai yawan magana ba. Ya dube shi ya ce, “Juma'a bayan La'asar. In na ga albasata da idona, ka zauna inuwa. In ban gani ba, kai da Goronyo sai damina.”

Ana cikin haka Khaulat ta fito za ta koma gidan mijinta. Ita ce babbar ɗiyar Alhaji, matar aure mai 'ya'ya uku, tana aikin ofis a Rabah, inda kullum suke tura aikinsu Sakkwato ta irin wannan hanyar. Ba ta taɓa ce wa kowa ita injiniya ba ce. Da yake ita ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, taubasai ne, ba a shiga tsakaninsu.

Ta ce, “Injiniyan tsintsiya, wane layi za ka sa ma rautar?”

“Layi dai layi na.”

“In na waya na, ba ka samun ta daga nesa. Sai ka nemi layi mai tsayayyen adireshi wurin kamfani.”

Zayyanu ya gyara tabarau. “Ke ki tsaya ga buga takardar hutu. Wanga ilimi ya hi ƙarhin Rabah.”

Ta ce, “Allah shi ba da sa'a,” ta gyara mayafi ta tafi.

Kafin Azahar babu wanda bai ji labari ba, don Zayyanu da bakinsa ya bi majalisa-majalisa. Ya gaya wa Sahabi tela cewa nan gaba kaɗan ko awon riga daga nesa za a riƙa yi. Ya gaya wa mai shayi cewa manoman Magarya da na Dinawa za su yi layi a ƙofar gidansu, sai ya ga dama zai saurare su.

Litinin ya hau babur ya tafi Goronyo da kaya. Ya ɗaura kyamara a jikin itacen rudu. Ya ɗora rauta, wani ɗan akwati mai ƙaho biyu, bisa turmin da aka kife, ya jona ta da batirin sola. Sannan ya zauna gab da ita, ya buɗe kwamfuta, ya rubuta adireshi da suna da kalmar sirri, ya danna. Nan take ta ce ta haɗu. Ga albasa ta fito jawur.

Ya ce, “Baba Mode, zo ka ga albasa.”

Mode ya dubi kwamfuta, ya waiwaya ya dubi rudu wanda bai kai taki uku da su ba. Ya ce, “Ai ga ta nan, yaro.”

Abin da Zayyanu bai sani ba, ko ya sani ya ƙi tunawa, shi ne duk wanda ya zauna gefen rauta dole ya same ta. Gwajin gaskiya sai daga nesa. Kalmar sirrin kuwa doguwa ya ƙirƙiro, mai haruffa da lambobi a cakuɗe, ya hana kwamfuta ta riƙe ta wai kada a sace, ya rubuta ta da biro a tafin hannunsa. Da zai tafi ya kira Kyauta ya nuna mata rauta.

“Gwaggo, wanga abu amana na. Ki kula da shi.”

Ta ce, “Insha Allahu ko ƙuda ba shi taɓa shi.”

Ya iso Wurno ana kiran La'asar. Ya so ya zarce ɗaki ya gwada, Alhaji ya tare shi a ƙofa ya miƙa masa buta. Ya yi alwala, ya cuɗa hannu sau uku kamar yadda aka koya masa. Sai da aka sallame ya ɗaga hannu zai yi addu'a ya ga tafinsa fes, in ban da wani ɗan shuɗi-shuɗi kusa da babban yatsa. Liman ya ga ya daɗe yana kallon hannu, ya ce wa na kusa da shi, lallai yaron nan ya fara natsuwa.

Ya gwada kalma ta fi ashirin. Kowace ya sa sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar kwamfuta, ya gaji, ya ce ba a samu ba.

Talata ya koma Goronyo. Ya tarar da turmi babu komai a kai.

“Gwaggo, ina rauta?”

Kyauta ta shiga ɗaki. Ta jawo babbar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta fitar da zannuwanta na biki, ta fitar da turaren wuta, sannan ta ciro wani ƙunshi. Ta kwance zane, ta kwance ɗankwali, ga rauta a ciki an lanƙwashe mata ƙahoni don ta shiga.

“Gwaggo, mi yas sa kika cire ta daga wuta?”

“Kai kac ce amana. Ka taɓa ganin an bar amana bisa turmi, tsakar rana, kaji na bi ta kai?”

“Ai sai tana waje taka aiki.”

“To ba amana ba ta. Ka ce ajiya ta banza, in san yadda nika yi da ita.”

Ya sake jonawa, ya sake sabuwar kalma, wannan karon ya rubuta a takarda ya cusa cikin hula. Ya zauna gefen turmi ya gwada, ta haɗu. Ya kamo hanyar gida yana waƙa.

A Wurno ɗan zoben ya ci gaba da juyawa.

Laraba da safe ya yanke cewa katangu ne ke tare hanya. Ya ɗauki tsani ya hau soron Alhaji da kwamfuta, ya fuskanci Goronyo. To, ko yaron goye ya san namiji ba ya hawa soro sai ya ɗaga murya ya sanar, mata maƙwabta su kintsa ko su shiga ɗaki. Zayyanu bai sanar da kowa ba. Ma'u, matar maƙwabcinsu, tana zaune tsakar gidanta kai ba ɗankwali ana mata kitso, ta ɗaga ido ta ga ƙato a sama ya ɗaga wani abu mai gilashi yana juyawa.

Muciya ta fara tashi. Ta same shi a kafaɗa.

Ya ce, “Inna Ma'u, aiki nika yi, ba ku nika kallo ba.”

“In ba mu kaka kallo ba, ƙaƙa kas san ni ta?”

Takalmi ya biyo baya, sannan ɓawon kabewa. Ya ja da baya ya taka tabarmar da Hajiya Husainatu, matar Alhaji, ta shanya barkono. Tabarma ta zame, barkono ya tashi, ya shiga atishawa ba ƙaƙƙautawa. Ƙafa ɗaya ta sami tsani, ɗaya ba ta samu ba. Ya sauko rungume da kwamfuta, ya dira cikin kwatarniyar da ake jiƙa wa awaki dusa.

Mijin Ma'u ya zo har zaure ya kai ƙara. Alhaji ya ba shi haƙuri, bai ce wa Zayyanu komai ba sai, “Saura kwana biyu.”

Da yamma Khaulat ta biyo gaida mahaifiyarta, ta same shi yana shafa man zafi. Ta leƙa kwamfutar ta ga adireshin da ya rubuta.

Ta ce, “Wanga adireshin cikin gida na. Kamar ka aika wasiƙa ka rubuta ‘ɗakin kudu’, ba gari, ba unguwa. Kowane gida na da ɗakin kudu. Wa za shi kai ta?”

“A Goronyo ya yi aiki.”

“Don kana tsakar gidan. Ka hwaɗa ma Baba gaskiya, ka roƙi mako guda, in taimake ka.”

Da ya ce to a nan, da an rufa asiri. Amma Sahabi tela na tsaye a bakin ƙofa ya kawo ɗinki, kuma Zayyanu ba zai yarda a ji mace ta gyara masa ba.

Ya ce, “Ke dai ki zo Juma'a da wuri, kada ki rasa wurin tsayawa.”

Sai dai maganarta ta zauna masa. In sai yana tsakar gida take aiki, to ai tsakar gida ba ta da wuyar samu. Alhamis ya koma Goronyo karo na uku, ya kwance kyamara da rauta da batir, ya zuba a buhu. Ya ce wa Mode gyara za a yi, ya dawo da su Wurno. A can ƙuryar gidan Alhaji, bayan garken awaki, akwai wani ɗan rudu da ake ajiye albasar miya. Nan ya kafa kyamara, ya matso da ita kusa yadda ba a ganin komai sai albasa da ɗan gefen kara. Ya rufe rauta da kwando. Ya gwada daga zaure, ta haɗu.

Sannan ya yi kuskuren da ya fi duka. Ya je ya ce wa Hajiya Husainatu kada kowa ya je wajen ɗan rudu gobe, ko da wasa. Matar da ta yi shekara arba'in a gida, yaron da ta yi wa wanka ya zo yana shata mata inda za ta taka.

Ta ce, “To,” irin to ɗin da mai hankali ke gudu.

Juma'a bayan La'asar ƙofar gidan Alhaji ta cika. Ga Liman, ga Sahabi, ga mijin Ma'u ya zo da fushinsa, ga wasu manoma biyu daga Magarya da suka tsaya bayan sallar Juma'a don su gani. Zauren bai ɗauke su ba, aka shimfiɗa tabarmi a waje, aka ɗora kwamfuta bisa kujera. Khaulat na daga cikin zaure inda take jin komai. Zayyanu ya sa babbar riga ta aro. Ya yi jawabi mai tsawo a kan zamani, har Liman ya fara gyangyaɗi. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ciro takarda daga hula, ya rubuta, ya danna.

Albasa ta fito.

Jama'a suka matso. Ɗaya daga mutanen Magarya ya yi salati. Sahabi ya ce shi dama ya san yaron ba banza ba ne. Alhaji ya sa tabaransa, na gaske, ya duƙa ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Ta ƙanƙance.”

“Nisa na, Kawu. Kahin hoto shi iso sai shi ɗan rage.”

Alhaji ya ciro waya ya kira Mode, ya buɗe murya kowa na ji. Bayan gaisuwa ya ce, “Mode, tahi gaban rudu ka ɗaga hannu in gan ka.”

Aka jira. Mode ya ce, “Ga ni tsaye, Alhaji. Na ɗaga.”

Babu kowa cikin kwamfuta sai albasa.

Zayyanu ya ce, “Shina tahe. Mutum ya hi albasa nauyi, hotonai ba shi sauri.”

Mode ya ce, “In sauke? Hannuna ya gaji. Kuma ni ban ga abin da za ka gan ni da shi ba, tun da yaron jiya ya…”

Zayyanu ya kama tari mai ƙarfi, ya miƙa hannu kamar zai gyara wa Alhaji riƙon waya, ya kashe ta. Ya ce layin Goronyo ba shi da kyau.

Ana nan sai wani baki ya shigo cikin hoton daga gefe, yana tauna kara. Bayansa kai ya biyo, fari, da baƙin tabo a ido, da ƙaho ɗaya karyayye.

Sahabi ya ce, “Alhaji, wanga ba ragon layyarka ba na?”

Zayyanu ya ce, “Raguna suna kama da juna.”

“Har igiyar? Ni nis saka mai wagga igiya da ƙyallen shadda.”

“To ɗan'uwanai na. Uwa ɗaya.”

Alhaji ya ce, “Da Azahar na ba shi dusa da hannuna. In ya kai Goronyo yanzu, ba layya ta kamace shi ba, sukuwa ta.”

Kafin dariya ta lafa aka ji murya ta tsallako katanga daga cikin gida, tana korar rago. A daidai lokacin, cikin kwamfuta, sai ga zane mai ruwan goro, sai ga hannu da awarwaro ya ɗauki albasa huɗu ya zuba a faifai. Hannun ya tsaya. Hoto ya girgiza, ya juya, fuskar Hajiya Husainatu ta cika kwamfutar tun daga goshi har haɓa, ta ƙanƙance ido tana leƙe.

Liman ya kawar da kai ya ce, “A'uzu billahi.”

Daga nan jama'a suka yi tafiyar da ba su taɓa yi ba. Hajiya ta haɗa kyamara da rauta da kwando da batir ta rungumo. Suka ga garken awaki ya wuce. Suka ga rijiya, suka ga murhu da tukunya a kai, suka ga wankin Alhaji a kan igiya. Mijin Ma'u ya ce, “Ashe Goronyo ta yi kama da gidan maƙwabcina.” Suka ga duhun zaure, suka ga Khaulat ta toshe baki da mayafi. Sai haske, sai ga taron mutane bisa tabarmi an ba da baya, da wani mai babbar riga yana neman hanyar sulalewa.

Hajiya ta tsaya daga bakin zaure, ta miƙo kayan. Ta ce, “Alhaji, ga abin da aka hana ni zuwa wurin albasata saboda shi.”

Alhaji ya karɓi kyamara ya juyo da ita. Fuskarsa ta fito cikin kwamfuta. Ya dubi kansa, ya gyara hula.

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ga ni Goronyo, ban ko sa takalmi ba.”

Mutanen Magarya sai da aka riƙe su don dariya. Sahabi ya ce shi dama tun farko bai yarda da yaron ba. Zayyanu ya buɗe baki ya fara cewa gwaji ne na farko, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

“Cire rigar mutane ka mayar. Gobe da sahe.”

Da safe ya tafi, da tabarma da buta da buhun gero. Can ya lallashi kansa. Ya ce ko ba komai Goronyo da nisa, Mode ba ya gani, akwai inuwar mangwaro kusa da rudu. Mako guda ya yi yana barci daga hantsi zuwa Azahar.

Asabar ta biyu sai ga Khaulat da mijinta a mota. Ta samo layin da ta faɗa tun farko. Ta gaida Mode da Kyauta har ƙasa. Ta jona rauta, ta rataye ta a inuwa, ta gaya wa Kyauta a fili cewa ba amana ba ce, a bar ta nan dare da rana. Ta ɗaura kyamara can sama inda ake ganin rudu shida da mangwaron duka. Ba ta yi jawabi ba, ba ta kuma gwada a nan ba. Ta ce sai ta je Wurno.

Zayyanu ya taɓe baki ya ce wa Mode, “Ba ta yi. Ni da nis san abin ma ya ƙi ni.”

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya ɗora hula bisa fuska. Bai gama miƙe ƙafa ba waya ta yi ƙara.

“Zayyanu.”

“Na'am, Kawu. Ina cikin rudu na uku, aiki ya yi yawa.”

“Cire hular daga huska in muna magana.”

Zayyanu ya cire hular a hankali. Ya ɗaga ido ya dubi itacen rudu, ɗan gilashin na kallonsa.

Alhaji ya ce, “Gaskiyarka, ɗana, abin ga na aiki. Ga Liman da Sahabi suna gaishe ka. Tashi. Rudu na biyu, hannunka na dama, akwai wata ta yi baƙi.”